Hantsi na Bakwai a Gulbin Argungu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Yake saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Sunana Hadiza, 'yar Argungu ce ni, daga gidan masunta. Na daɗe ina riƙe da wannan labari a ciki, don duk ranar da na ɗauko shi a gida sai a ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban ga inda hakan ya hana a gargaɗi na baya ba. Jinyar ƙanena Umaru ce, wanda muke kira Sanda. Mako goma sha ɗaya ta yi, kuma ina roƙon duk mai ɗa ko ƙane da ke shiga ruwa ya daure ya karanta har ƙarshe.

A lokacin, shekara ta biyu ke nan da yanke mana jiha daga Sakkwato. An kwaso mu ma'aikata an juye a Birnin Kebbi, ofis bai isa ba, gidan haya sai da rabo. Ni aikina buga tafireta, mu uku muke karɓa-karɓa da ɗaya, wadda haƙoranta biyu suka karye tun kafin a haife ni. Duk Juma'a in an tashi nakan shiga mota in je Argungu in ga Inna, in dawo ran Lahadi da yamma.

Sanda shi ne autanmu, shekararsa ashirin da biyu, kuma shi ya gaji gora da homar mahaifinmu. Ga wanda ba ɗan gulbi ba, gora ƙaton duma ne mai ƙaramin baki, masunci ya kifa cikinsa a kai ya yi iyo, abin da ya kama ya jefa a ciki. Homa kuwa komar hannu ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A tudu Sanda rago ne na ƙin ƙarawa, in ka aike shi sayen gishiri sai miya ta ƙone. Amma ya shiga ruwa, tsofaffin masunta ma sukan tsaya su kalle shi.

Wata Asabar a farkon kaka, gulbi cike taf, na bi shi bakin ruwa da hantsi in karɓi kifin miya. Rana ta ɗago sosai, iska na kaɗa ruwan, haske yana ta walƙiya a kai har sai mutum ya kanne ido. Yana ba ni labarin wata tarwaɗa da ta kuɓuce masa, ya ware hannuwa yana nuna girmanta.

"Wallahi Yaya, kanta kaɗai ya kai..."

Sai ya tsaya. Hannuwan suna nan a ware, idonsa a buɗe kan ruwa, fatar idon tana rawa da sauri. Na ɗauka sheƙiyancinsa ne, na ce ya kai me? Shiru. Na kira sunansa sau uku, na taɓa kafaɗarsa. Mutum ne a tsaye a gabana, da ɗuminsa da numfashinsa, amma na rantse babu kowa a cikinsa.

"...turmin Inna," ya ƙarasa, ya fashe da dariya.

Na tambaye shi ina ya tafi, ya ce ina kuwa zai tafi, ga shi nan. Bai san an yi komai ba. Na taya shi dariyar, na karɓi kifina na koma gida.

Da na dawo a mako na biyu na tarar gidan ya sauya. Inna ta ja ni ɗaki. Ba ta faɗin sunana, don ni ce 'yar fari, "ke" take ce mini. Ta ce sau biyu hannunsa yana fizga da safe kwanon koko ya faɗi, sannan ran Talata ya faɗi a cikin kwalekwale, jiki ya sandare, yana karkarwa, kumfa a baki. Allah Ya sa ciki ya faɗa ba waje ba. Tun ranar abokan sunsa suka daina shiga jirgi ɗaya da shi, wai kada yawunsa ya taɓa su. Har a gidanmu an ware masa kwano da moɗa. Kalmar farfaɗiya kuwa ba wanda ya yarda ta fito daga bakinsa.

Baffa Manu, ƙanen mahaifinmu, shi ne babban gidan, kuma a harkar ruwa maganarsa ce magana. Ya riga ya gama bincikensa. Akwai wani gurbi mai zurfi a ƙasan gari wanda ba a taɓa shi sai an nemi izini, kuma an ga Sanda ya sa homa a wurin da damina. Masu ruwa, wato iskokin gurbin, sun riƙe shi ke nan. Maganin shi ne ya je ya ba su haƙuri hantsi bakwai: ya shiga ruwa ya fuskanci gabas, ya riƙe ƙwaryar gumba da nono da hannu biyu, ya zuba, ya zuba wa ruwan ido har su sake shi. Limamin unguwarmu ya aiko da rubutu, ya kuma aiko da saƙon cewa wannan zube-zuben ba addini ba ne. Baffa ya ce shi ba bauta yake yi ba, maƙwabta aka ɓata wa rai, kuma tun kakanni haka ake lallashinsu.

Kafin in zo sun yi hantsi uku, na huɗu a gabana aka yi. Ruwa iya ƙugu, Baffa yana riƙe da shi ta baya. Yana zuba gumbar, ya kalli ruwan, ko minti ɗaya ba a yi ba ya ɗauke. Ƙwaryar ta suɓuce ta bi ruwa, kansa ya ɗan karkata kamar mai sauraro. Mutanen da ke gaɓa suka yi tsit. Baffa ya waiwayo ya dube ni, fuskarsa har da murna.

"Kin gani ko, ɗiyata? Magana sukai da shi. Kullum munka zaka sai sun amsa."

Ba zan ɓoye ba, a wannan safiyar ni ma na kusa yarda. Duk wanda ya ga yadda yake karkata kan nan zai ce wani ne ke yi masa raɗa daga ƙarƙashin ruwa.

Abin da ya hana ni yarda shi ne da la'asar ɗin ranar ya sake faɗuwa, babbar faɗuwa, ya ciji harshensa har jini ya jiƙa rigarsa. Na ce wa Inna in lallashi ne wannan, to masu ruwan ba su jin lallashi. Ran Lahadi na sa shi a mota zuwa Birnin Kebbi, Baffa yana faɗa yana cewa ba a yanke roƙo a tsakiya. A hanya ma sai da abin ya zo. Akwai inda itatuwan dogon yaro suka yi layi a gefen titi, rana tana ratsowa ta tsakaninsu tana ɗaukewa, tana ratsowa tana ɗaukewa. Nan ya sandare a jikina. Matar da ke kusa da mu ta yi salati ta ce direba ya tsaya ta sauka, kuma ta sauka ɗin, a tsakiyar daji, da buhun albasarta.

Mako na uku da na huɗu a layin asibiti suka ƙare. Mu fita bayan sallar asuba, mu tarar da mutum hamsin a gabanmu, a yanki kati, a ce likita ya tafi taro, a dawo gobe. Sabuwar jiha ce, likitocin ba su da yawa, ban ga laifinsu duka ba. Amma ranar da muka samu shiga, mutumin ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ji "karkarwa" ya rubuta zazzaɓin sauro, aka yi wa Sanda allurai har zama ya gagare shi. Dangi kuma kowa ya zama likita. Wannan ta ce a turara masa barkono, wancan ya ce a cusa masa cokali a baki in ya faɗi, wata gwaggonmu ta aiko da saƙon a kai shi wajen wani mutum a Gulma da ke cire irin wannan da ƙaho. Na gode musu duka, don ƙauna ce ta sa, amma da na bi rabin shawarwarin da tun a makon aka yi jana'iza.

Wadda Allah Ya turo mana ita ce maƙwabciyata a gidan haya, Maman Rifkatu, nas ce, mutuniyar Filato. Ita ta fara kiran ciwon da sunansa a gabana ba tare da ta rage murya ba. Ta ɗauki kwanon da Sanda ya ci ya rage ta ci a gaban 'yan gidan, ta ce ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta numfashi. Ta koya mini in ya faɗi in kwantar da shi ta gefe, in janye abin da zai ji masa ciwo, kada in sa masa komai a baki. Sannan ta ce tunda bugu ne sana'ata, in buga mata kowace faɗuwa da kowace ɗaukewa: rana, lokaci, wuri, da abin da yake kallo. Na zauna bayan an tashi aiki na buga shafi biyu. Da na zare takardar na karanta daga sama zuwa ƙasa, sai na ga kalmomi biyu suna ta maimaita kansu, hantsi da gulbi. Maman Rifkatu ta karanta ta ce wannan ya fi ƙarfin nan, akwai wani asibiti a Kaduna mai na'urar duba ƙwaƙwalwa, ta samo mana takardar turawa.

Inna ta sayar da shinkafar da ta ajiye ta iri, mijina ya ɗauki hutu ya raka mu. A mako na shida muka isa, muka yi kwana huɗu muna jiran layi ya zo kanmu.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, an rufe tagoginsa da baƙin labule. Wata ma'aikaciya ta manna wa Sanda wayoyi a fatar kai da wani abu kamar kullu, wayoyin suka tafi cikin wata na'ura mai girman akwatin kaya. A bakinta akwai alƙaluma takwas a jere, doguwar takarda tana tafiya a ƙarƙashinsu. Da aka kunna sai suka fara rubutu, kowanne da nasa ɗan karce, ba mai bin wani. Ni kunnena ya saba da ƙarar tafireta, don haka da kunne na bi abin. Ƙarar a warwatse take, kamar kaji na tsattsagar tsaba. Can matar ta jawo wata fitila ta ajiye a gaban fuskarsa, ta ce ya kalla. Fitilar ta fara ƙyaftawa a hankali, sannan da sauri.

Kafin in ga komai a jikinsa na ji ƙarar ta sauya. Alƙaluman nan takwas suka haɗa baki, suka tashi tare suka faɗi tare, har suna dukan gefen na'urar. Sai bayan nan fatar idonsa ta fara rawa, kansa ya karkata, irin karkatar da na gani a gulbi sak. Ba ruwa a ɗakin, ba gurbi, ba gumba. Matar ta kashe fitilar. Alƙaluman suka ci gaba da dukansu na ɗan numfashi biyu ko uku, sannan suka watse kowa ya koma karcensa. Sanda ya dube mu ya ce, "An fara?"

Likitan dattijo ne mai furfura, Hausarsa ta koyo ce amma tana fita. Ya shimfiɗa takardar a tebur, ya ajiye shafukana biyu a gefe, ya ja layi a ƙarƙashin kowane "hantsi". Ya ce a saman ƙwaƙwalwar mutum akwai wani ɓawo mai lanƙwashe-lanƙwashe, kaurinsa bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, a ciki akwai ƙwayoyin halitta da ba su ƙirguwa, kuma da ɗan tartsatsin lantarki suke magana da juna. Ya ce ba duka suke bugawa iri ɗaya ba. Ya juya bironsa ya fara ƙwanƙwasa tebur don ya nuna mana bugun iri uku.

Na farko ya fara da ɗan sauri, sannan ya sassauta, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ya ce waɗannan su suka fi yawa, su ke kai saƙo, kuma in aka daɗe ana tura su sukan rage gudu da kansu. Na biyu ya buga uku a haɗe, ya tsaya, uku a haɗe, ya tsaya. Ya ce waɗannan masu tayar da maƙwabta ne, in sun buga sai na kusa da su su motsa. Na uku ya yi ta bugawa da sauri ba tsayawa, har biron yana rawa a hannunsa. Ya ce waɗannan ƙanana ne, ba su gajiya, kuma aikinsu ɗaya, su riƙa ce wa sauran ku yi shiru, ku jira, ba layinku ba ne.

"In lafiya lau ne," in ji shi, "kowa maganarsa daban, kamar kasuwa. Shi ya sa kika ga rubutun farko ba kyau. A kan ƙanenki, haske mai ƙyaftawa yana tura su duka lokaci ɗaya, masu cewa a yi shiru su kasa riƙe su, sai kowa ya buga tare. Wannan layin mai kyau da kike kallo, shi ne ciwon."

Gaskiya shi nake kallo. Tsaunuka ne a jere, tsayinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, irin aikin da in na buga shi shugaban ofis zai yaba. Tun daga ranar ban ƙara ganin abu a jere tsaf raina ya kwanta da shi ba.

Ya rubuta ƙwayoyi, safe da yamma, ba fashi ko na rana ɗaya. Ya ce sai an ɗauki lokaci kafin a san ko adadin ya isa, mu dawo bayan wata biyu. In haske ya dame shi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya kau da kai, don runtse ido kaɗai ba ya tare shi. Da ya ji sana'ar Sanda sai ya cire tabarau ya dube ni, ni ba shi ba. Ya ce kada Sanda ya shiga ruwa, ko iya gwiwa, sai shi likitan da bakinsa ya ce ya shiga. Ya ce mai wannan ciwo in ya nutse ba ya ihu, ba ya fafutuka.

Muka dawo, kuma maganin ya karɓe shi. Mako na bakwai, na takwas, na tara, ko fizgar hannu babu, sai yawan barci. Ya koma Argungu wajen Inna, ya yi ƙiba, ya kuma zama abin tausayi. Kullum yana zaune a zaure yana gyara komar wasu, in masunta sun wuce da gorunansu sai ya sunkuyar da kai. Ya ce mini shi da matacce bambancinsu kaɗan ne, matacce dai ba a aikensa sayen gishiri.

A mako na goma Baffa ya tara mu. Ya ce sauƙin da aka gani na hantsi huɗun nan ne, saura uku, kuma roƙon da aka yanke ya fi wanda ba a fara ba haɗari, don yanzu fushin ba kan Sanda kaɗai zai tsaya ba, duk ɗan gidan da ya shiga ruwa yana ciki. Na ɗauko gutsuren takardar da likita ya yanko mini, na shimfiɗa a tabarma, na yi bayani iyakar iyawata, har tebur na ƙwanƙwasa masa da ƙasan moɗa. Ya saurara har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallon tsaunukan nan.

"Wagga ai igiyar ruwa ta," ya ce. "Ke boko kinka yi, mu ruwa munka yi. Ga shi na'urar taku ma ta zana gulbi cikin kan yaro. Mi kike so in gani wanda ban gani ba?"

Inna tana kuka, tana tsoron likita tana tsoron Baffa. Sanda yana kallona da idon roƙo, don an yi masa alkawarin in an cika bakwai zai koma su. Ni kuma mace, 'yar ɗan'uwa, a gaban uban da ya rage mana. Na ce a raina magani yana aiki, mako uku ba abin da ya faru, kwana uku ne kawai, kuma Baffa zai riƙe shi. Na roƙi a ɗaura masa ƙyalle a ido ɗaya, Baffa ya ce ba a gai da manya da rufaffiyar fuska. Daga nan na yi shiru. Ni na ga alƙaluman nan, ni likita ya duba ya yi wa magana, kuma ni na yi shiru. Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Na nemi izinin kwana uku a ofis. Hantsi na biyar da na shida sama a lumshe take, ragowar gajimare ya rufe rana, ruwan ya yi duhu ya kwanta. Sanda ya zuba gumbarsa ya kalli gulbi har ya gaji, ba abin da ya same shi. Baffa ya ce sun fara hucewa. Ni kaina na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina, har na ci tuwo da yawa a ranar.

Sai a safiyar ta bakwai na san cewa na ƙarshe ba a gaɓa ake yinsa ba. A kan gurbin ake yi, mai laifi shi kaɗai a kan gorarsa, ba mai taɓa shi. Kuma ranar sama ta washe tas, ko ɗigon gajimare babu. Muka gangara ƙasan gari, mutum kamar ashirin, kwalekwale biyu suka tsaya nesa kaɗan, Baffa a cikin na gaba. Iska ta taso, gulbin gaba ɗaya ya kama walƙiya daga gaɓa zuwa gaɓa. Na riƙe hannun Sanda na ce don Allah in ya ji wani abu ya rufe ido da hannu. Ya yi murmushi ya nuna mini ƙwaryar, wadda sai da hannu biyu ake riƙe ta.

"Da wane hannu, Yaya? Kwantar da hankalinki, yanzu nika dawowa."

Ya kifa a kan gora ya tura da ƙafa har tsakiyar gurbin. Ya ɗaga ƙwaryar ya zuba, farin nonon ya bazu a kan ruwa. Daga inda nake na ga kansa ya karkata. Na ƙwala kiran sunansa. Hannuwansa suka miƙe suka sandare, sannan ya zame daga kan gorar a hankali, kamar wanda aka jawo ta ƙafa, ruwan ya rufe a kansa. Ba ihu, ba fantsama. Gorar ta yi juyi ɗaya ta tsaya.

A cikin kwalekwalen nan biyu akwai mutum shida da za su iya ɗauko allura a ƙasan gulbi. Biyu har sun miƙe. Baffa ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Sallama sukai da shi, yanzu su maido shi."

Suka dakata. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai wuce a karanta Fatiha sau uku ba. Wurin ya yi tsit har ina jin ruwa yana lasar cikin gorar. Ni ce na faɗa ruwan da zanena, ni da rabona da iyo tun ina 'yar firamare, ina ihu ina cewa ba kowa a ƙasan nan, ciwo ne, ku ciro shi. Da ruwa ya kai mini wuya na ga hannun Baffa ya sauka, kuma shi ya riga kowa nutsewa, da tsufansa. Amma ruwan kaka yana da ja ta ƙasa. Sai gab da azahar suka same shi, can gaba, a ƙarƙashin ciyawar burgu. Fuskarsa lau, kamar mai barci.

Bayan kwana uku ina kwashe kayansa na ga ƙullin maganinsa a ƙarƙashin matashi. Na yamma duk ya sha. Na safe guda uku suna nan, don roƙon masu ruwa ba a yinsa sai da cikin da ba a sa wa komai ba, ko ruwa, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya mini. Ni ma ban tambaya ba.

Baffa bai ƙara shiga gulbi ba har ya koma ga Allah. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba, don na ga yadda ya fito daga ruwan nan da ɗan ɗan'uwansa a kafaɗa. Na yafe masa, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ina gode wa Maman Rifkatu, wadda ta zo gaisuwa ta zauna cikinmu kwana biyu tana kuka kamar ƙanenta. Ina gode wa dattijon likitan nan da ya ɗauke ni mai hankali ya yi mini bayani. Wanda ya rubuta zazzaɓin sauro ba tare da ya ɗaga kai ba kuwa, mako biyun da ya ci mana ina nan ina tuna su.

Ga wanda abin ya shafa, ga abin da na saya da tsada. In ɗanka yana ɗaukewa a tsakiyar magana, ka rubuta lokacin da wurin, ka kai likita. Kada a ware masa kwano. Kada a tsallake magani saboda wata al'ada ko don an ga sauƙi. Kada a bar shi kusa da ruwa ko da an tara masa duk gwanayen garin. In kuma kai ne ka san gaskiyar abin, ka faɗe ta a gaban ko wane ne, ka sake faɗa, a kira ka marar kunya.

Inna ta rame bayan rasuwar, abinci sai an yi da gaske. Ranar sadakar arba'in, da la'asar, mutane sun watse, na same ta zaune a ƙofar ɗaki, kwanon tuwo a gabanta ba ta taɓa ba tun azahar. Ta ce in zauna.

"Ke da kinka ji bakin likita, gaya mani gaskiya, kar ki lallashe ni. Sa'adda shike ƙasan ruwa, ya san shina can?"

Na ce bai sani ba.

"Ko kaɗan?"

Na ce ko kaɗan, Inna. In abin ya zo ba ya ji, ba ya gani, ba ya tsoro. Ya tafi tun yana bisa gora, kafin ruwa ya taɓa fuskarsa. Na ce wannan kam zan iya dafa Alƙur'ani a kai.



"To bai kira ni ba ke nan," ta ce. "Kwana arba'in ina jin shina kirana, ni ko ina gida ina tankaɗe ban amsa ba."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta jawo kwanon, ta ce in miƙo mata ruwan wanke hannu.